Tsuntsun da na kawo miki cikin hula

Zuwa ga jikata Zulai, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da malamanki da abokan karatunki. Mu nan sai godiya. Hatsi ya fidda kai, wake ya fara fure, tafki ya cika har gindin giginya.

Kin san ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Malamin lakwal ɗin garinmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ya sa wasiƙar nan a intanet, inda kike sa hotunan tsuntsayenki, mutanenki su karanta. Ya ce duniya fa za ta gani. Na ce ta gani ɗin, ai a gaban mutane na yi abin.

Ranar da ɗan kabu-kabu ya sauke ki daga Bande da abin ɗaukar hotonki mai dogon hanci, tun daga zaure na ji muryarki: “Ina tsohon nan mai wawulo? Bai mutu ba?” Na ce amarya ta iso, a kawo fura. Kika ce kin fasa auren sai na sake haƙora. Haka muke da ke tun kina yawo ba zane.

Kika ce tsuntsu kika zo nema, ƙarami, ƙirjinsa ja kamar garwashi, kansa da fari kamar ya naɗa rawani, mai ɓuya cikin sarƙaƙiya yana kwaikwayon kukan wasu. Na ce na san shi tun ba a haifi ubanki ba. Ni da ake tasowa daga Magariya a tambaye ni wa ya gina wace rijiya, iyakar gonar wane ina ta tsaya, tsuntsu ne zai gagare ni? Na kai ki sarƙaƙiyar bayan garkar rake, ƙarƙashin kurna. Muka ji kukansa, ba mu gan shi ba.

Daga nan kullum da sassafe kina can tsugune cikin laka, sauro na cin ki. Ki dawo da jiƙaƙƙen zane, ki nuna mini hoton ganye. A ƙofar masallaci aka fara magana: jikar Mati ta zo daga birni tana wahala cikin taɓo, kakanta kuwa yana gari yana ba da labarin da. Maganar ta soke ni. A garin nan in baƙo ya ce yana son abu, ba a barinsa ya bi daji, kawo masa ake yi har inda yake zaune.

Kin faɗa mini, ba zan ce ba ki faɗa ba. Kika ce, “Tsoho, kada ka taɓa shi, a gidansa nake son shi.” Na ɗauka kara ce irin ta baƙon da ke cewa ya ƙoshi alhali da yunwa ya zo.

Na je na tsaga gamji na tari danƙo, na shafa a tsinke, na zuba gara a ƙasa, yadda muke yi muna yara. Hannuna bai manta ba. Kafin hantsi ya ɗaga ya kamu.

Na zo da shi cikin hula, ina taƙama, na jira sai da mutane suka taru a ƙofar gida. Na miƙa miki na ce, amarya, ga sadakinki. Aka yi dariya. Kika buɗe. Fiffikensa ya manne da jiki, farin kansa ya koma ƙazanta, rabin jelarsa ta tsaya can a tsinke, bakinsa a buɗe yana haki. Abin hoton yana rataye a wuyanki, ba ki ko taɓa shi ba. Man gyaɗa kika ce a ba ki, da auduga. Kika zauna a ƙasa kina goge shi gashi ɗaya-ɗaya. Bai kai azahar ba ya mutu.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ɗaga murya don a ji, na ce tsuntsu ne fa ba mutum ba, daji cike yake da su. Zulai, ƙarya na yi, kuma duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin ƙarya ce. Ni na ga lokacin da kowace sarƙaƙiya daga nan har Bande take da nata. An sare, an ƙone, an shuka rake. Wannan ɗaya ce ta rage, shi ya sa na kai ki can kai tsaye.

Da za ki tafi kika durƙusa har ƙasa kika ce, “Kaka, na tafi, Allah ya ƙara girma.” Ba ki taɓa ce mini Kaka ba. In uwarki ta miƙo mini talho yanzu mu yi magana, gaisuwar da kike mini ko perefe, babban gwamnati, sai haka: ina kwana, ina gajiya, sai an jima. Na fi son zagi. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai a gaban shari'ar gona ba, ladabin jikata ya hana ni zaman ƙofar masallaci.

Na koma wurin. Ba don in gyara komai ba, ƙafa ce ta kai ni. Ashe su biyu ne, ɗayan yana nan. Na zauna inda kike zama, gwiwa na ciwo, na yi shirun da ban taɓa yi ba. Can ya sauko bakin ruwa, ya ɗaga jela, ya duba hagu da dama, ya shiga wanka yana fantsama. Rana ta bugi ƙirjin nan. Duk tsawon rayuwata nauyinsa a tafin hannu kawai na sani. Ban san yana wanka ba.

Mai garkar ya so ya sare sarƙaƙiyar ya ƙara kunya biyu ta rake. Mun yi cacar baki har ya ce na fara ruɗewa. Ya dai yarda ya bari sai bayan kaka. Iyakar abin da na iya ke nan. In ruwa ya ɗauke, tsuntsun ma tafiyarsa yake yi, ban san ko zai dawo wurin da aka ɗauke masa ɗan'uwa ba.

Har yanzu ina ganin ba kyau a bar baƙo cikin laka. Amma ni na yi laifi, ki yafe mini. Ban saba faɗin haka ba, malam ma sai da ya ɗago kai ya ce in maimaita.

Ki zo tun yana nan. Zan riƙe miki jaka, in zauna nesa, in rufe bakina. In kuma ba ki samu zuwa ba, ki kira ki tsokane ni ko da kalma ɗaya ce, zan gane.

Allah ya tsare ki, ya buɗa miki karatu, ya sanyaya zuciyarki a kaina. Ya yafe mini ran da na ɗauka ba don yunwa ba. Amin.

Ni ne tsohonki,
Mati na bakin tafki.