Ni na sunkuyar da kyamarar, Baba Mustafa ake tuhuma

Anti, don Allah ki ba ni shawara, kwana goma sha ɗaya ke nan ina ɓoye wata magana.

Bara na gama karatun injiniya, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani nan Jidda. Kyamarori muke kafawa a bakin magudanan ruwa. Kyamarar tana kallon ma'aunin da aka zana a bango, kwamfuta ta karanta tsayin ruwan daga hoton, in ya kai santimita tamanin ta yi gargaɗi.

Wata huɗu da suka wuce, wajen unguwar Bani Malik, wata dattijuwa ta tare ni, ta ce kyamararmu na leƙen rufin gidanta inda 'ya'yanta mata ke shanya ba mayafi. Da Hausa ta yi mini magana, irin ta kakata. Kunya ta kama ni, na hau na sunkuyar da kyamarar kaɗan. Ban sake daidaita ta da ma'aunin ba, ban rubuta a rahoto ba. Magudanar a bushe take, na ce sai gobe, goben ba ta zo ba.

Ranar da aka yi ruwa, kwamfuta ta karanta hamsin da biyar alhali ruwan ya haura casa'in. Gargaɗi ya makara da minti ashirin da uku. Ba a rasa rai ba, amma ruwa ya shiga gidaje shida. Yanzu an ce Baba Mustafa, ma'aikacin da ya kafa ta, bai ɗaure ta da kyau ba. Kamfanin ne kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. In aka sallame shi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta iyalinsa duk sun tafi. Ni kuma ina cikin watannin gwajin aiki. Kullum sai Baba Mustafa ya miƙo mini shayi.

Mai nadama, Jidda

Ɗana, kare mutuncin gidan dattijuwar nan ba laifi ba ne, ba kuma kai ka saukar da ruwan ba. Sakacinka na rashin daidaitawa kuskure ne irin na sabon hannu. Shirun kwana goma sha ɗayan nan shi ne abin da ke neman zama zalunci.

Tsoronka na da hujja, aikin zai iya kuɓuce maka. Amma kai da ƙuruciyarka da takardarka za ka nemi wani. Shi gida guda zai tashi.

Ka fara zuwa wurin Baba Mustafa, ya ji daga bakinka, ka nemi gafararsa. Sannan ka kai wa shugabanku bayani a rubuce, da kwanan wata da hotunan kafin da bayan sunkuyarwar, tunda suna ajiye. Ka ba da shawarar a riƙa tambayar maƙwabta kafin a kafa kyamara. Kada ka wuce Lahadi.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya rufa muku asiri ku duka biyun.