Takalmana Suna Layin Mai Saje

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jam'iyyarmu na Ƙaramar Hukumar Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da jama'a, da gajiyar wannan hidimar zaɓe da ta hana ka zama wuri ɗaya. Allah ya ƙara maka haƙuri da mu.

Ranka ya daɗe, ni ne Labbo mahauci, mai tebur na uku in ka shigo rumfar nama ta kasuwar Maradun. Ni ne kuma wanda yanzu ake nunawa da baki ana cewa ga Raba-gardama. Sau uku na zo ofishinka. Zuwan farko aka ce ka tafi Bakura, na biyu aka ce kana ganawa, na uku sakatarenka ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce, "Takarda ta riga ta tahi Sakkwato, mi kaka so mu yi?" Shi ya sa na koma ga ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, na rubuto maka wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, kowa ya gani. In rubutun ya karkace a yi mini afuwa, hannun ya fi sabawa da wuƙa.

Na farko, yadda na yi zaɓina.

Da aka ce za a yi zaɓen fid da gwani na wanda jam'iyya za ta tsayar takarar shugaban ƙasa, mutum biyu ne suka yi ƙarfi a mazaɓarmu. Babu wanda ya taɓa ganin ɗayansu da ido, hotuna kawai aka liƙa mana, don haka muke kiransu Mai Tabarau da Mai Saje. Mutanen Mai Tabarau suka ce in ya hau zai gyara injunan dam ɗin Bakolori, ruwa ya riƙa kai wa gonakin ƙarshe. Mutanen Mai Saje suka ce shi zai buɗe burtalin da magudanan ruwa suka datse, shanu su samu hanyar mashaya. Ni kuwa duka biyun suna cikin tukunyata. Da shanu nake sana'a, kuma ina da 'yar gonar albasa a bakin magudana, wadda Alhaji Bawa, jagoran mutanen Mai Tabarau, ya ba ni aro tun da dam ya cinye gonar mahaifinmu.

Na yi ta juya abin a raina, na yi shawara da wanda ya kamata, daga ƙarshe na tsaya a kan Mai Saje. Ba wanda ya tilasta ni. Na duba ne na ga duk Talata in na je kara, kasuwar shanu, a Talata Mafara shanun da ake kawowa sai ƙara ramewa suke, kuma na san dalili. Gaskiya ne surukina, mahaifin matata Hajo, shi ne babban mai goyon bayan Mai Saje a cikin Fulanin da suka taso daga wajen Damaga suka zauna kusa da mu, kuma na ji daɗi da ra'ayina ya zo ɗaya da nasa. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, Baffa nake cewa.

Na biyu, abin da ya faru ranar zaɓe.

Kun ce ba akwati, ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan hoton gwaninsa a ƙirga kawuna. A filin makarantar firamare aka yi, rana tana dukan tsakiyar ka, inuwa kuma ba ta wuce ta itatuwan dogonyaro guda biyu ba. Saboda haka layukan nan biyu suka matsu da juna, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ina tsaye a layin Mai Saje, kusa da ƙarshe, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Na waiga, Baffa ne. Ya makara, ya zo ya tsaya daidai ƙeyata, har ina jin numfashinsa.

Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, kuma kana da surukai. Wane ɗan halak ne zai tsaya ƙiƙam da takalmi, ya ba surukinsa baya, tsoho yana shan rana shi yana gabansa? Ban ma yi tunani ba. Na tuɓe takalmana, na kauce gefe, na durƙusa don ya wuce gaba. Gefen nan da na kauce, ashe wutsiyar layin Mai Tabarau ce. Ban gama cewa "Barka da rana, Baffa" ba aka busa usur, aka ce kowa ya tsuguna inda yake, wanda ya motsa an soke shi. Kowa ya tsuguna. Ni dama a tsugune nake.

Malamin da kuka turo daga Bakura ya biyo layi yana taɓa kawuna da rula. Ina ji ina gani rula ta sauka a kaina. Ya kamata in miƙe in ɗaga murya, na sani. Amma Baffa yana nan kamu ɗaya da ni, ya kafa mini ido, ni kuwa ban taɓa ɗaga murya a inda yake ba. Malamin ya wuce gaba. Da aka haɗa lissafi Mai Tabarau ya ci mazaɓarmu da mutum ɗaya tak. Da ina inda na tsaya tun farko, Mai Saje ne zai ci da mutum ɗaya. Takalmana ma a layin Mai Saje aka tsince su, mai shara ya kawo mini washegari.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Kafin in miƙe matasan Mai Tabarau sun sure ni sama, ƙafa ba takalmi, suna zagaya fili da ni suna kirarin Raba-gardama. Daga can sama na hango Baffa ya juya, yana dogara sandarsa, shi kaɗai. A wurin nan aka sa sunana cikin wakilan da za su je zagaye na gaba a sakatariya, wai tukuicin jarumtar da na yi. Ban nema ba, ba a kuma tambaye ni ba. Da yamma Alhaji Bawa ya same ni a gona ya dafa kafaɗata ya ce, "Labbo, kai ka hid da mu kunya. Ran Assabar ta sama ma nan muka son ganinka. Gonag ga ko ka yi ta aikinka, aro tsakanin masoya ba shi da rana." Ni ba yaro ba ne, na gane inda maganar ta dosa. Albasar nan saura kaɗan a cire ta, kuma ita ce hatsin gidana na bana.

Kwana biyu bayan haka aka aiko wai Hajo ta je ta duba mahaifiyarta, jikinta ba daɗi. Ta tafi da yaranmu uku. Yau kwana goma sha ɗaya. Na ga tsohuwar da idona ranar kasuwa tana sayar da nono, lafiyarta lau. Tun da na auri Hajo, duk ranar da na yanka sa mai kyau sai na ware tozo na aika wa Baffa. Wannan karon an dawo mini da shi a cikin takardar da na naɗe shi, ba a ko kwance igiyar ba. Na je da kaina na durƙusa a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafi, bai bar ko ɗaya ba, sannan ya tashi ya shige. Ƙanensa ne ya rako ni ya faɗa mini saƙon: "Ya ce mun ga inda kat tsaya. Wanda yab bar shi cikin layi gaban jama'a, ba shi barin ɗiyarshi gidanai. In ka koma tsayawa can ran Assabar, ran Lahadi za a turo a kwashe kayan ɗakinta."

To ka ji inda nake, ranka ya daɗe. In na tsaya bayan Mai Tabarau, Hajo ta tafi. In na tsaya bayan Mai Saje, gona ta tafi, kuma Hajo ta dawo gidan da ba hatsi. In na ƙi zuwa, kowane ɓangare zai ce ɗayan ne ya saye ni. Gaba kura, baya sayaki. Su kuwa masu hotunan nan biyu, ko sunan Maradun ban tabbata sun taɓa ji ba, balle na Labbo. Ina shiga gida in tarar da murhu a sanyaye, in zauna a bakin ɗakinta kamar baƙo. Ina kewar iyalina, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Ban ce ka zalunce ni ba. Amma ku kuka kawo tsarin da mutum zai zaɓi shugaban ƙasa a gaban surukinsa da mai gonarsa, kuma ba ku yi tunanin irinmu ba, mu da ko hanya muka haɗu da suruki sai mun ratse cikin ciyawa. Da akwati ne, da na jefa abina na koma kan teburina.

Ga roƙona.

Ɗaya, ka sa a kira malamin nan na Bakura. Shi ya taɓa kaina, ya ga ba takalmi a ƙafata, ya ga fuskata ba hoton Mai Tabarau take kallo ba. Ban ce a canja abin da ya tafi Sakkwato ba, na san bakin alƙalami ya bushe. Ya dai faɗi abin da ya gani a gaban dattawa.

Biyu, ka cire sunana daga cikin wakilai da ikonka na shugaba, kafin Asabar. Ka ce ban cika sharaɗi ba, ka ce mahauci ne bai san komai ba, duk abin da ka faɗa na yarda.

Uku, in za a sake irin wannan zaɓe, a raba layuka nesa da juna, ko da kowa zai sha rana.

Na san Alhaji Bawa zai ji wannan wasiƙa kafin ta iso teburinka, kuma zai gane ba don shi na tsuguna a layinsa ba. Wataƙila da hannuna na rubuta sallamar gonar nan. Ina roƙonsa ya bar ni in cire albasar da na shuka, bayan nan abinsa ne, kuma na gode da shekarun da ya rufa mini asiri.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da ranar da za a ƙirga ka inda ba ka tsaya ba. Allah ya ba ƙasar nan shugaba nagari, ko mai tabarau ne ko mai saje.

Saura abu guda. Baffa ba ya karatun boko, amma na san za a samu mai kai masa labari ya karanta masa. Ina haɗa wannan mutum da Allah, in ya zo wurin da na ce saboda Baffa na kauce daga layi, ya tsallake. Tsoho ne mai mutunci, ba zan so ya ji cewa makarar da ya yi ce ta kayar da gwaninsa ba, kuma bai kamata a ji ni ina ɗora wa surukina laifi a bainar jama'a ba. Ya ce masa kawai Labbo yana gaisuwa, yana kuma tambayar lafiyar yara.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Labbo Mahauci,
Rumfar Nama, Kasuwar Maradun.