Ɗan Kunnen da Ya Hana Ni Tallafin Karatu

Zuwa ga
Baba Alhaji Siddiƙu Haruna,
Shugaban Kwamitin Tallafin Karatu na jama'armu,
Umdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uba, da tambayar lafiyarka da ta Hajiya da iyali da kasuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da natsuwar da za ka karanta ta har ƙarshe.

Ni ce Nafisa, 'yar marigayi Adam Yakubu, wanda kuka tsinci auduga tare a Jazira kafin Allah ya buɗa maka ka yi shagunan tufafi a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifi a Jabal Awliya. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya a Khartum. Wata uku ke nan da ka cire sunana daga cikin ɗaliban da kwamiti yake taimaka wa.

Na so mu yi wannan magana mu biyu. Na zo shagonka, aka ce mini ba ka nan, alhali ina hango rawaninka daga ƙofa. To, tunda a bainar jama'a ka yi maganata, ni ma a bainar jama'a zan ba ka amsa. Na rubuta da Hausa ne don in an karanta wa iyayenmu mata da ba su yi makaranta ba, su ji da kunnensu, ba sai an fassara musu ba.

1. Abin da kuke ba ni da yadda nake cin sa.

Jine dubu goma sha biyar na kuɗin ƙasar nan kwamiti yake ba ni a wata. Na gode, ban taɓa raina shi ba. Amma ka fi ni sanin abin da wannan kuɗi yake saye a yau, kai da kake canza farashin kayanka tsakanin hantsi da azahar.

A gidan Gwaggo Zahra nake kwana a nan Umdurman, a tsakar gida kan gadon igiya, don kada in biya kuɗin ɗakin ɗalibai. Raksha, keken haya mai ƙafa uku, sai dai in gan ta ta wuce. Daga gida zuwa tasha da ƙafa nake tafiya, mota ɗaya ta tsallaka da ni gada, daga inda ta sauke ni kuma in sake takawa zuwa makaranta cikin ranar nan ta Khartum da ka sani. Karin kumallo mu huɗu muke haɗa kuɗi mu sayi bosh, gurasar da aka jiƙa da ruwan dafaffen waken ful, ba waken kansa ba. Ranar da muka ji mu masu arziki ne, mu ce a ɗiga mana mai. Mai shayin bakin makaranta ta gaji da kirana ta daina. Ruwa daga randar Gwaggo nake cika gora. Ban taɓa sayen littafi ba, aro nake yi in kwafa da hannuna. Farar rigar da nake shiga asibiti da ita ta wata ce da ta gama karatu, na rage mata tsawo. In na je gida ranar Alhamis ina taya Inna suyar kifi a bakin madatsar ruwan Jabal Awliya, ta damƙa mini abin da ya samu. In ana biki a unguwa ina yi wa 'yan mata lalle.

Daga cikin wannan nake cire ɗan abin da nake ajiyewa. Ba rara ba ce, Baba Alhaji. Abincin rana ne da ban ci ba.

2. Dalilin da ya sa na sayi zinariya.

Ranar da kuka ɗauke mu, kai da bakinka ka ce kwamiti ba ya biyan kuɗin jarrabawar ƙarshe, kowa ya san yadda zai yi. Na ji, na kuma fara shiri tun daga ranar.

Shekarar farko a gwangwanin madara na riƙa tarawa. Da na buɗe a ƙarshen shekara, kuɗin da a da zai isa abin da nake buƙata ko rabi bai kai ba. Babu ɓarawon da ya taɓa gwangwanin. Jinen ne ya narke yana zaune, kamar gishiri a damina. Na yi kuka ranar, don na tuna duk tafiyar ƙafar da na yi da yunwar da na sha, sun tafi a banza.

Sai na canza dabara. Na shiga sanduk, adashen da 'yan ajinmu suke yi. Ranar da ɗaukata ta zo, na haɗa da abin da ke gwangwanin da kuɗin lalle, ban bari ya kwana ba, na wuce kasuwar zinariya na sayi ɗan kunne. Ƙarami ne, bai fi ƙwayar dawa ba. Na sa shi a kunne ne don gidan Gwaggo gidan yawa ne, babu akwati mai makulli, mai shiga ya shiga mai fita ya fita. Kunnena shi ne wurin da ya fi tsaro a duk abin da na mallaka, kuma kullum yana ƙarƙashin mayafi.

Kai ma ba ka ajiye jine. Duk Kasuwar Libiya an san in ka yi ciniki da safe, kafin la'asar ka mayar da kuɗin kaya ko dala. In kai ka yi, sunansa iya kasuwa. In 'yar mai kifi ta yi, sunansa almubazzaranci. Ina so ka gaya mini a wane littafi aka raba hukuncin haka.

3. Yadda aka yanke mini hukunci.

A bikin 'yar maƙwabcinku ina duƙe ina yi wa amarya lalle mayafina ya zame. Hajiya Batula, uwargidanka, ta miƙo hannu ta kama kunnena a gaban mata, ta juya shi kamar mai taya akuya, ta ce, "Masha Allah, 'yar Adam an samu duniya." Hannunta da ta kama ni da shi, warwaron zinariya ne jere har kusan gwiwar hannu. Na gyara mayafina na ci gaba da lalle, don uwa ce.

Da wata ya ƙare na je karɓar tallafi, Malam Isa magatakardan kwamiti ya sunkuyar da kai ya ce sunana ba ya ciki, umarni ne daga wurinka. Ba a kira ni ba. Ba a tambaye ni ba. Ba a aika wa Inna ba. Ko ɓarawon da aka kama da kaya a hannu ana tambayarsa inda ya samo kafin a ɗaure shi.

4. Maganar da ka yi bayan sallar Juma'a.

Da a nan ka tsaya, wallahi da na haɗiye. Kuɗi ne, ana samu ana rasawa. Amma a taron jama'a bayan Juma'a, a harabar masallacin unguwa, ka miƙe ka ce akwai waɗanda ake ba kuɗin karatu suna kaiwa kasuwar zinariya. Sannan ka ƙara da cewa, "Yarinya marainiya, uwarta mai suyar kifi, ta sa zinariya. Allah kaɗai ya san inda cikon kuɗin ya fito."

Ba ka ambaci suna ba, na sani. Marainiya nawa ce a cikin ɗalibanku uwarta take suyar kifi? Kuma kai dattijo ne mai furfura, ka san abin da wannan jumla take nufi in an faɗe ta a kan 'ya mace. Ba kuskuren harshe ba ne. Ka auna ta kafin ka sake ta.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta bi motocin haya ta isa Jabal Awliya. Wata mata ta tsaya a gaban kaskon Inna, tana zaɓen kifi tana tambayarta wai da gaske ne wani ɗan kasuwa yake ɗauke da ni a Khartum. Inna, wadda ta binne mijinta ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ranar ta kashe wuta tun rana na tsaka ta koma gida. Gwaggo Zahra, da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, ta fara tambayata ƙarfe nawa aka tashi daga makaranta. Matan da suke kirana lalle sun daina kira. Wannan duk aikin bakinka ne, Baba Alhaji, kai da ka tsaya a kan kabarin mahaifina ka ce 'ya'yan Adam 'ya'yanka ne.

5. Abin da ya biyo baya.

Na sayar da ɗan kunnen. Maƙerin ya cire kuɗin ƙira, ya ba ni ƙasa da abin da ya kamata, don ya ga a matse nake. Kuɗin da na tanada don jarrabawa, da shi nake shiga mota wata uku ke nan. Jarrabawa saura makonni, abin da ya rage a hannuna ba zai biya ta ba. Shekara uku ina ƙididdige kowane jine don kada in zo wannan rana hannu rabbana, ka rushe lissafin da kalma ɗaya.

Sannan ka san darasin da ka koya wa sauran ɗaliban? Ranar karɓar tallafi yanzu kowa tsohon takalmi yake nema ya sa. Wata 'yar'uwarmu da take tara kuɗin na'urar awon jini ta fita daga adashenmu, ta ce gara ta cinye kuɗinta a cikinta, ciki ba a leƙa shi. Kun kafa kwamiti don ku fitar da 'ya'yan talakawa daga roƙo, kun ɓuge da koya musu cewa duk wanda ya yi tattali za a hukunta shi, wanda ya fi iya marairaicewa shi ne ɗan kirki. Ashe ba ɗalibai kuke so ba. Mabarata kuke so, masu zuwa su durƙusa kowane wata ku ji daɗi.

6. Saƙon da ka aiko.

Shekaranjiya Malam Isa ya zo gidan Gwaggo, kunya duk ta ishe shi. Ya ce ka ce in zo gida in ba ka haƙuri a gaban Hajiya, za ka duba yiwuwar mayar da ni. Na tambaye shi haƙurin me zan bayar. Ya ce shi ɗan aike ne.

To ga amsata. Ba zan zo ba. In na durƙusa na ba da haƙuri, na amsa da bakina cewa abin da ka faɗa gaskiya ne. Gara in rasa jarrabawar bana in maimaita shekara da in sayar da mutuncin gidanmu a kan jine dubu goma sha biyar. Kuma ka tuna, asusun nan ba aljihunka ba ne. Karo-karon jama'a ne, masu wanki da direbobin raksha da masu sayar da gyaɗa. Amana suka ba ka, ba sarauta ba.

Abin da nake nema.

Na farko, ka tsaya a inda ka tsaya, a gaban mutanen da suka ji ka, ka ce ba ka da wata shaida a kan abin da ka jefe ni da shi. Ba a ɗaki ba, ba ta bakin Malam Isa ba.

Na biyu, a biya ni tallafin wata ukun da aka riƙe, don babu dokar kwamiti da na karya. In akwai dokar da ta hana ɗalibi tattali, a fito da ita a karanta.

Na uku, daga yau kada a sake cire sunan wani sai an zaunar da shi a gaban dukkan 'yan kwamiti an ji ta bakinsa. Kada labarin gidan biki ya sake zama hukunci.

Na huɗu, ina roƙon sauran dattawan kwamiti, waɗanda suka ji wannan magana suka sunkuyar da kai, su tambayi kansu in da 'yarsu aka faɗa wa haka shiru za su yi.

In ka yi na farkon kaɗai ka bar sauran, zan karɓa. In ka yi sauran ka bar na farkon, riƙe kuɗinka, ba na so.

Abu na ƙarshe. A cikin ambulan ɗin da aka kawo maka wannan takarda za ka ga 'yan kuɗi a naɗe, suna ƙarnin kifi. Karo-karon Inna ne na wannan wata. Tun ranar da aka kafa asusun take zubawa, tun ina firamare, ba ta taɓa tsallake wata ba. Na ce mata ta bari haka nan, mutanen da suka zubar mana da mutunci ba su cancanci guminta ba. Ta ce mini ba Alhaji take ba, 'ya'yan mutane take ba, kuma ba za a hana ɗan wani karatu don an ɓata mata rai ba. Ka ƙirga su da hannunka, ka sa Malam Isa ya rubuta sunanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kasuwarka, ya tsare 'ya'yanka mata daga harshe irin wanda ya same ni. Allah ya ba ka ikon gyara wannan tun a nan duniya, kafin ranar da za ka haɗu da Adam Yakubu ya tambaye ka yadda ka riƙe masa 'yarsa.

Wassalam.

Nafisa Adam Yakubu,
ɗalibar aikin jinya,
Umdurman.