Ba Nafi'u yak kada Shirwa ba

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tseren Mashin na Rani, ƙasar Tambuwal da Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina maka ta'aziyyar ɗanmu Umaru Shirwa, kai da 'yan kwamiti da duk wanda yat taɓa tsayawa cikin rana shina mai tafi. Allah shi jiƙan shi, shi haskaka makwancinai.

Ranka shi daɗe, kai ka san ni, amma tunda takardar ga kowa za shi karanta, bari in faɗi ko ni wane ne. Ni ne Bala Lasifika, mai yi maku shela da kirari ranar tsere. Muryata ko batir ya mutu ana jin ta har garin Sanyinna, kowa ya shaida. Sunan Shirwa ma ni nir raɗa ma Umaru, saboda yadda shika sauka kan kwana kamar ya hango ɗan tsako. Rubutu dai ba shi cikin baiwar da Allah yab ba ni, aji ukku nit tsaya. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, maganar da ke ciki daidai take.

Ina da wani aiki da mutane ba su san ni da shi ba. Ni nika zuba toka. Layin nan fari da mahaya ke bi, tun daga tashi har ƙarshe, hannuna ne, shekara ukku ke nan. Kan wanga aiki za ni yi magana.

Na ɗaya. Ranar tseren, yau kwana ashirin da fuɗu, na gama zuba toka tun da hantsi, kan hanyar da mahaya sunka yi mako guda suna gwaji. Sai anka aiko mani daga kwamiti cewa rumfar manyan baƙi ta faɗa saitin iska, ƙurar kwanar ƙarshe za ta rufe su, a maida kwanar gabas kamar taki talatin. Nic ce a ɗage rumfar mana, ƙafa shidda gare ta, mutum fuɗu sun ishe ta. Anka ce an riga an jera kujeru an shimfiɗa darduma. Nic ce gabas ɗin nan gonar da shanun Fulani sunka zauna ce suna zuba taki, akwai turakun ɗaurin maruƙa cikin ƙasa. Anka ce in cire wanda nig gani. Kana zaune wurin sa'ad da anka yi maganar ga, Alhaji. Ban ce kai kab ba da umarni ba, amma kunnenka ya ji.

Na biyu, kuma shi ne mai nauyi. Na cire turke bakwai. Na takwas ya yi gardama, ina jijjiga shi yak karye, gindin yat tsaya cikin ƙasa, ɗan kai ya leƙo kamar yatsa ukku. Ya kamata in nemo gatari ko galma in haƙe shi. Amma makaɗa sun fara, mutane sun cika, ga wani can ya ɗauki lasifikata shina busa mata iska shina gwada murya. Ni kuwa ban son a taɓa mani lasifika. Sai nis sa ƙafa nit tura ƙasa da busasshen kashin shanu nir rufe shi, nic ce a raina ai shina cikin kwana can ciki, ba mai matsewa har nan. Niz zuba toka niw wuce.

Alhali duk ƙasar ga ba wanda yaf fi ni sanin akwai mutum ɗaya mai matsewa har nan. Ni nika mai kirari da shi.

Na ukku. Ba wanda yat tara mahaya yag gaya masu an canza kwana. Ni kaɗai nif faɗa a lasifika, shi ma cikin raha, wai mun matsar da kwana dan kada rawunan manya su koma ja. Anka yi dariya. Mahaya na kan layi, injin na kuka, hular kwano a kai, wa zai ji ni?

Na fuɗu. Abin da idona yag gani. Zagayen farko da na biyu Shirwa ya buɗe kwanar, shina auna ta. Zagaye na ukku ya gane ta, yak kwanta da mashin yas shiga ciki. Nafi'u na Fakku shina bayanai, tsakaninsu ya kai tsawon mashin biyu. Ina kan benci a tsaye, babu kan kowa gabana. Tayar gaba ta Shirwa tad daki abu, mashin yat tashi, shi yaf faɗo da wuya. Nafi'u bai taɓa shi ba. Kada kanai yay yi dan kada shi bi ta kan Shirwa, salansar mashinai mai zafi tad danne mai ƙafa taƙ ƙone shi har nama. Da wagga ƙafa yaj ja jiki yar riga kowa isa, yat tallabe kan Shirwa shina laƙƙana mai kalmar shahada. Kafin motar da tad ɗauke shi ta kai asibiti Allah ya karɓi abinai.

Washegari na koma filin ni kaɗai. Turken na nan, ya tsage, da baƙin roba a jikinai. Na haƙe shi. Shina ɗakina ƙarƙashin gado, duk mai son gani shi zo.

Na biyat. Kwana biyu da rasuwa kwamiti yaf fidda sanarwa cewa mahaya ne sunka gogi juna, an dakatar da Nafi'u har sai an bincika. Ba a kira ni ba. Ba a kira ko mutum ɗaya daga masu tsayuwa bakin kwanar ba. Kalmar nan ta guga, ku kun faɗe ta dan a rufe magana, amma ka san yadda magana ke tafiya a tasha. Tambuwal anka ce ya goge shi. Kafin ta kai Dogon Daji ta zama ya sa mai ƙafa. Yanzu akwai masu rantsuwa sun ga ƙafar.

Ka san yaran nan ba albashi gare su ba, kabu-kabu suke yi su ci da gida. Nafi'u shina ɗauko fasinja daga Kebbe da Fakku zuwa Tambuwal, shi koma da wasu. Yau ba shi iya tsayawa tasharmu. Ya zo gaisuwa gidan su Shirwa ranar ukku shina ɗingishi, ƙafa naɗe da tsumma, samari sunka tare shi bakin lungu sunka maida shi. Ina wurin. Ina cikin masu zama kan tabarma, na gan shi, nid duƙar da kai ina jan casbi kamar wani malami. Ni Bala, da ko jana'iza sai an ce in rage murya.

Samarin nan ban ga laifinsu ƙwarai ba. Son Shirwa ne ke cin su. Ka bi ta ƙofar gidansu ka gani. Tun ranar da yar rasu, duk ɗan kabu-kabun da yaz zo lungun sai shi kashe mashin daga bakin masallaci, shi sauka, shi tura har shi wuce gidan, dan kada mahaifiyatai ta ji kukan inji. Ba wanda yas sa su. Har fasinja sauka suke su taka. Lambatai ta tsere sun rubuta ta da fenti bayan mashinansu. Masu zuciya irin wagga, in anka ba su gaskiya za su riƙe ta. Mu munka ba su ƙarya sunka riƙe.

Abin da yas sa nik kasa ci gaba da shiru shi ne Malam, mahaifin Shirwa. Ka san Malam bai taɓa son tseren ga ba, ya dai bar shi ne dan ya ga yaron ba shi sha, ba shi wasa da salla. Ranar bakwai, da mutane sunka watse bayan la'asar, yak kira ni gefe. Yac ce an gaya mai ni ke saman benci ina ganin komi. Bai tambaye ni wa ad da laifi ba. Cewa yay yi, “Bala, nawa ya tafi, kwananai ya ƙare. In ɗan mutane bai taɓa shi ba, kada ku sa Umaru shi kwanta da haƙƙin wani.” Nic ce to, Malam. Iyakar abin da nic ce ke nan, nit tashi.

Tun ranar an kira ni biki biyu na ce maƙogwaro ke mani ciwo. Ba ciwon komi.

Na san ajali ne. Ko babu turke, in lokaci ya yi za shi tafi. Amma ajali bai ce a rataya ma Nafi'u ba. Kuma ban rubuto dan in wanke kaina in shafa maku ba. Ku kun matsar da kwana, ni na rufe turke. Kasona ya fi naku girma, wanga karon dai ba ni alfahari da fin kowa.

Ga abin da nika roƙo, ranka shi daɗe.

Ku janye sanarwar nan kafin sadakar arba'in, da baki, a tashar Tambuwal da ta Kebbe, ba a takarda da za a liƙa bango akuya ta cinye ba. Ku faɗi an canza kwana ranar tsere ba a gaya ma mahaya ba. Sunana ku sa shi ciki, na yarda.

Ku ɗage ma Nafi'u dakatarwa, kuma wani daga cikinku shi tai shi duba ƙafar nan, an ce har yau tana ruwa.

In za a sake tsere, hanyar da anka yi gwaji kanta ita za a bi, ko wa yaz zo kallo. Mahaya su taka ta da ƙafa da safen, su duba da idonsu. Toka kuwa ku nemi wani. Lasifika in kun ga dama ku bar mani, in kun karɓe ban da ta cewa, sai dai ku sani za ku daɗe ba ku samu irina ba.

Ni dai ga abin da za ni yi, ko kun amsa ko ba ku amsa ba. Jumma'a mai zuwa da safe za ni Fakku. Za ni gaya ma Nafi'u komi gaban iyayenai, in ya zage ni na ci. In ƙafar ta yarda, shi za shi tuƙo ni, ina bayanai, mu shigo Tambuwal ta tsakiyar tasha kowa na kallo, mu tai wurin Malam shi yi gaisuwar da anka hana shi. Can za ni faɗi nawa gaban uban yaro. Ban san yadda samari za su karɓe mu ba. In kana tsaye bakin lungun da babbar rigarka, ba wanda za shi ɗaga hannu. In ba ka zo ba, za mu shiga hakanan.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi ba ka ikon yin daidai, shi tsare maka zuri'a. Allah shi gafarta ma Umaru, shi ba iyayenai haƙuri, mu kuma shi yafe abin da hannunmu yay yi.

Wassalam.

Naka,
Bala Lasifika, Tambuwal.