Firjin da Baba Ya Saya Mini

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau, kada ki tayar da hankalinki. Ranar Asabar 'yan sandan jami'a suka sami giya cikin firjin ɗakinmu. Giyar ta Brooke ce, abokiyar ɗakina, amma da suka tambayi mai firjin, ko kunya babu ta ce, "Ai na Delaney ne."

Tunda ban kai shekara ashirin da ɗaya da doka ta yarda a riƙe giya ba, kotu zan je. Asibitin da nake koyon jinya ya dakatar da ni, alhali ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Ki aiko mini da baƙar rigar cocina, ita zan sa zuwa kotu. Allah ya bar mana ku.

Ki gaya wa Baba firjinsa na aiki sosai. Har yau Brooke ciki take ajiye madararta.

'Yarki,
Delaney