Matar da aka tono

Daren Laraba, unguwar Taman Melati a ƙasar waje, cikin kullen korona

Hafsa, in ke ce kika buɗe littafin nan, maza rufe shi, Allah na ganinki.

Yau na gaji. Malamar su Hafsa ta turo musu yawon gidan tarihin mutanen Viking, wasu Turawan zamanin da, ta kwamfuta, tunda ba fita. Na ga jiragen ruwansu da matajin ƙaho, ashe su ma suna gyaran kai. Sai aka nuno ƙasusuwan wata mata da aka tono daga kabarinta, kwance cikin gilashi, ko likkafani babu. Hafsa da ƙaninta suna dariyar haƙoranta, bakinsu cike da shinkafar da Abbansu ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe daga gidan abinci.

Na daka musu tsawa. Can Hafsa ta ce, "Mama, Hajiya ma za a tono ta?"

Hajiya mahaifiyata ce, ta rasu a Kano, kullen nan ya hana ni zuwa ko gaisuwa. Na ce, "Ba mai tono ta."

Daga yau a gidan nan ba a kallon mamaci ana cin abinci, kuma ba a yi masa dariya, ko wane ne shi.