Maganin da Mama Take Jira

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya kuma jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma jituwa. Ka ɗaga murya, in ɗaga, a ƙarshe kowa ya kashe yana huci, kamar lokacin da muke rigima a kan keke. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Na ji duk abin da ka faɗa. Mama ta daina fitowa falo, labulen ɗakinta kullum a sake, abinci sai an yi lallashi, kuma ta ture magungunan da likitanta ya rubuta mata, wai ita maganin Auta take jira. Yaya, wa ya ce mata Auta na da magani? Kai ne ka ga hotona a jarida ka kai mata har gado, kana cewa 'yarta ta gano maganin ciwon damuwa. Na san don ka ga murmushinta ka yi. Amma ɗan jaridar nan ya zuba gishiri. Ni abin da na ce masa shi ne muna gwadawa.

Bari in gaya maka yadda gwajin yake, ko ka daina kirana mai taurin kai. Marasa lafiyar da suka yarda sun shiga, an raba su gida biyu. Wasu ana ba su sabuwar ƙwayar, wasu ana ba su wata mai kama da ita sak, amma babu komai a cikinta sai gari. Mu muna kiranta fanko. Su ba su san wacce suke sha ba, ni ma da nake duba su ban sani ba, kuma an gaya musu haka tun farko. Da na sani, idona zai ga sauƙi inda nake so in gan shi. Sai an gama za a buɗe a kwatanta.

Don haka ba zan ɗauko ƙwayar da ban san aikinta ba in sa a bakin uwata. Ka roƙe ta ta koma wa na likitanta, waɗannan an san suna aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, raina yana ba ni sabuwar tana da kyau. Akwai wani tela da ya zo mana yana sunkuyar da kai, keken ɗinkinsa ya yi tsatsa don rashin taɓawa. Jiya ya shigo yana kallon rigar aikina yana girgiza kai, wai wanda ya ɗinka mini aljihun nan bai ji tsoron Allah ba. Na yi dariya har da hawaye. Amma dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya gajiyar jinya? Allah ya ba ka lada, na san kai ne a wuta, ni ina nesa ina ba da umarni.

An buɗe sakamakon gwajin. Mun taru a ƙaramin ɗakin taron sashenmu, wanda fankarsa ke ƙara kamar za ta faɗo, ni da ɗalibaina da shugaban sashe. Mai ƙididdigarmu ya haska sakamakon a bango, layi biyu, na masu sabuwar ƙwaya da na masu fanko. Layukan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa tun daga farko har ƙarshe. Ƙwayar da na ba shekarun ƙuruciyata ba ta fi gari da komai ba. Telan nan kuwa, da nake ta alfahari da shi a zuciyata, fanko yake sha.

Wata ɗalibata ta tashi ta fita, na jiyo kukanta a baranda. Shugaban sashe ya bi ni ofis yana rarrashi, wai in sake dubawa, ƙila a cikin matasa ko a cikin mata a samu inda ta ɗan taɓuka. Na ce masa wanda ya dage da tono ba ya rasa abin da zai tsinta, amma ba shi muka fita nema ba. Zan rubuta abin da muka gani yadda muka gan shi.

Ka san abin mamaki? Mujallar da ta sha mayar mini da rubutuna ta karɓi wannan da hannu biyu. Asibitocin da suka yi shirin fara ba da ƙwayar sun dakata. Likitocin da ban taɓa gani ba suna rubuto mini godiya, ana ta gayyatata taro. Sunana bai taɓa yin nisa haka ba, kuma a kan abin da bai yi aiki ba. Ina tsaye ana tafa mini, ni kuwa hankalina yana kan labulen nan da ba a ɗagawa.

Ina jin kunya, Yaya, ina kuma jin tsoro. Ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na ga saƙonka, na karanta shi ya fi a ƙirga. Ka ce tunda gari ya tayar da tela, in ƙunso fankon in kawo, mu ce wa Mama maganin Auta ne ya iso, ta sha da imani. Ka ce da babu gara ba daɗi.

Kada ka ɗauka ban yi tunaninsa ba. Har na buɗe kabad na riƙe kwalbar a hannuna. Amma tela ya san yana iya samun gari, da saninsa ya shiga. Ba a yaudare shi ba. Kuma ba gari kaɗai ya samu ba. Duk mako yana da inda ake jiransa, a ja masa kujera, a tambaye shi barcinsa da cinsa, a saurari amsar har ƙarshe. Wasu kuma da suka sha fankon nan ba su tashi ba sam, su ba sa zuwa suna yi mini ba'a a kan aljihu, shi ya sa ban ba ka labarinsu ba.

Idan muka ba Mama gari ba ta ji sauƙi ba, me za ta ce a ranta? Za ta ce ko maganin 'yarta ya kasa, ita tata ta ƙare. Ciwon nan dama abin da yake raɗa mata ke nan kullum. Idan kuma ta gano, ramin ƙarya ƙurarre ne, mun rasa abu ɗaya da ya rage mata, wato yarda da mu.

Na ɗauki hutu, na fasa zuwa taron da aka gayyace ni. Ina tafe hannu rabbana. Kai kuma ka je aikin nan na nesa da kake ta ɗagawa, in karɓe ka. Ka yi fushi da ni in kana so, ka saba.

Auta

*

Yayana,

Da fatan ka sauka lafiya, kuma ka samu ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi ba. Yara suna lafiya, maiɗakinka tana gaishe ka.

Na gaya mata yau da hantsi. Na zauna a bakin gado, ita tana kwance ta fuskanci bango. Na yi mata bayani dalla-dalla kamar yadda nake yi wa ɗalibai, sai da na kai wajen cewa babu magani, Mama, na nema ban samu ba, sannan kuka ya ƙwace mini. Ni da na zo lallashi, ni ce na kife a kan katifa ina kuka kamar yarinya.

Can sai na ji ta juyo. Ta daɗe tana kallona. Ta tambaye ni shekarun nan duka abin da nake yi ke nan, na ce eh. Ta ce kuma da bakina na fita na gaya wa duniya bai yi ba, na ce eh. Sai ta zame mini ɗankwali, ta taɓa gashina, ta ce dubi kai kamar sheƙar tsuntsu, wai likita guda. Ta ce in miƙo mata mataji.

Na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Tana yi tana hutawa, kitson ya karkace, ja kuwa har yanzu tana da shi, sai da na yi ƙara. Da ta kai rabi ta ce ta gaji, ta koma ta kwanta.

Kada ka ce ta warke. Aikina ne, na san ba ta warke ba, akwai sauran tafiya mai tsawo, kuma za a yi ranakun da za ta sake juya mana baya. Amma da na ce mata zan kai ta wurin likitanta ta koma kan magungunansa, ba ta ture ni ba. Cewa ta yi, “To, ki ɗaura ɗankwali da kyau kar ki kunyata ni. Gobe in mun dawo sai in ƙarasa miki ɗaya ɓarin.”

Ina rubuto maka da rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Yaya, ka tuna rabon da ka ji Mama ta ce gobe?

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta